Garin da Na Zaɓa Saboda Sanyinsa

Ni na zaɓar wa autanmu garin da zai yi karatu, kuma har yau in na tuna hujjar da na kafa sai in ji kamar in mari kaina.

A Jurf muka tashi, cikin Madina, ba nisa da kwarin da ruwa ke bi in an yi sama mai ƙarfi. Sai a shekara kwarin nan yana bushe ƙayau, ba komai sai duwatsu. Amma ranar da ambaliya ta zo, duk unguwa fita kallo ake yi. A irin wannan rana ce, ina 'yar shekara goma sha huɗu, ƙanena mai bi mini ya zame daga gaɓa ya faɗa ruwan. Sai washegari aka tsinci gawarsa can ƙasa, a gefen wata gonar dabino. Auta yana goye a lokacin.

Tun daga nan Umma ta ƙulla gaba da ruwa. In 'yan unguwa sun cika mota za su Yanbu shan iskar teku, mu muna gida. In zafi ya tsananta yara suka tafi gonakin Ƙurban suna faɗawa birka, tafkin simintin da ake tara ruwan ban dabino, auta na zaune gaban fanka yana haɗiyar yawu. Ko bokiti ta gani a cike sai ta kifar da shi.

Da ya gama sakandare ya samu gurbin karatu a waje, aka ba shi garuruwa uku ya zaɓa. Umma ta tambaya ko akwai teku. Duk ukun akwai. Ta ɗauki fasfonsa ta kulle a akwatinta, ta ɗaure makullin a bakin zani, ta ce an gama magana.

Ni kuwa lokacin ina koyarwa, ina ganin babu mai kai kamar nawa. Na zaunar da ita na ce ta duba, a Madinar nan wa ta taɓa gani ya shiga birka da sanyi? Ko ruwan alwala sai mun ɗumama. Zafi ne ke kai mutum ruwa. Biyu daga garuruwan nan ƙasashen zafi ne, a bar su. Na ukun kuwa a Kanada yake, inda ƙanƙara ke zuba har ta rufe mota. Teku na nan, amma ko mahaukaci ba zai tsoma yatsa ba. Har rantsuwa na yi mata.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta kwance makullin. "A wuyanki yake," ta ce.

Bayan shekara biyu ya zo hutu. Fasfon ya koma akwati tun ranar da ya sauka. Wata rana bayan la'asar muna shan shayi ya ce yana da abin da zai nuna mana, ya gaji da ɓoyewa. Da Larabci ya faɗa, don shi Hausa ji yake yi, ba ya mayarwa. Ni na ɗauka mata ya samo, har na gyara zama ina shirin tsiya. Ya sa faifai a bidiyo.

Bakin teku ne, sama ta yi toka-toka, ruwan ma haka. Ga ƙanƙara fara fat a kan duwatsu. Wasu mutane cikin baƙaƙen kayan roba masu manne jiki, har da hula, hayaƙi na fita daga bakinsu. Na ce masunta ne. Sai ɗaya ya juyo yana dariya, rungume da wani dogon allo da ya fi shi tsawo. Haƙoran gidanmu ne, ba mai faɗa mini.

Wallahi ina kallo yaron da ba a bari ya tsaya kusa da bokiti ya ruga cikin ruwan nan, ya kwanta rub da ciki a kan allon, yana tuƙi da hannu yana yin nisa. Igiyar ruwa ta taso a bayansa, ta fi katangar gidanmu tsawo. Ya miƙe tsaye. Tsaye, jama'a, a kan ruwa, ya ware hannuwa tana tafiya da shi. Sai ta naɗo ta rufto masa. Allon ya yi sama shi kaɗai. Babu kowa, sai kumfa.

Na ji carbin Umma ya faɗi a kan tire.

Can sai kai ya ɓullo. Ya furzar da ruwa, leɓensa ya yi fari don sanyi, yana ɗaga hannu.

Ban san lokacin da takalmina ya zo hannuna ba. Na kira shi maƙaryaci, mara tausayi, na ce ya mai da ni shashasha a gaban uwata. Yana kare kansa yana cewa can sanyi ba ya hana kowa, da sanyin ma igiyar ta fi kyau, kuma sai da ya koyi iyo sosai kafin ya taɓa allo. Tsoro ne ya cika ni, ba fushi kaɗai ba. Na san karatu ya ƙare, fasfon nan ba zai sake ganin rana ba, kuma ni na jawo.

"Mayar da shi baya," in ji Umma.

Ya mayar daga farko. Ta ce ba nan ba. Ba ruwanta da tsayuwar da ya yi. Wajen kumfar take so, inda kan ke fitowa. Ya mayar, ta kalla. Ta ce ya sake. Ta matsa har gwiwarta na taɓa teburin talabijin. Sau nawa aka yi ban sani ba, shayi dai ya huce.

Ta tambaye shi wata nawa ya yi kafin ya iya iyon. Ya ce uku.

"Wata uku kawai?" Ba shi take kallo ba. "Yayanka bazara biyu yana roƙona in bar shi ya je birka ya koya. Na ce a'a, kada ya yi mura."

Shekara ashirin muna kwana ɗaki ɗaya da ita, ban taɓa jin wannan ba.

Da hutu ya ƙare ita da kanta ta buɗe akwati ta miƙa masa fasfo, amma ta riƙe faifan. Ba ta iya kunna bidiyo ba, don haka ni take kira, yawanci bayan la'asar. Na san wurin, ba sai ta faɗa ba. In kumfar ta rufe sai ta riƙe numfashi, in kan ya fito sai ta kira suna a hankali. Sunan da take kira ba na auta ba ne.