Ni Na Ce A Gwada Maganin A Kan Mijina

Edita, a shekarar korona ni malamar firamare ce a Samaru, macen da ko labule ba ta canzawa sai ta ji ta bakin maigida. Sai ga shi an kwantar da shi a ɗakin da ake killace masu cutar, numfashi na neman gagararsa, ni kuwa ina waje kan benci, ko leƙa shi ba a bari in yi.

Wata likita ta fito ta same ni. Ta ce yanzu ba cutar kaɗai ke cinsa ba, garkuwar jikinsa ce ta harzuƙa tana yi wa huhunsa ɓarna. Akwai maganin da suke gwadawa ko zai lafar da ita, amma ba su tabbatar yana aiki ba, kuma tunda ba ya iya magana, sai da yardata. Ko na ƙi za su ci gaba da kula da shi, sai dai in aka makara gwajin ba shi da amfani. Na kira yayansa mai shago a Sabon Gari, don a gidansu shi ne uba, ba a ɗauka ba. Na hau acaɓa har can, shago a garƙame. Na dawo, na zauna, na tashi, na yi addu'a har bakina ya bushe. Daga ƙarshe na ce a gwada.

Bai tashi ba. Muna dawowa daga maƙabarta yayan ya dube ni a gaban 'ya'yana ya ce, "Ke wa ya ba ki ƙanena da za ki miƙa a yi gwaji da shi?" Raina ya ɓaci matuƙa. Yana ina lokacin da nake ta buga waya? Na koma wurin likitar, ta ce gaskiya ba za ta iya gaya mini ko maganin ya taimaka ko ya cutar ba, sai an haɗa sakamakon mutane da yawa. Ni kuwa mutum ɗaya nake tambaya a kai.

Har yau abin bai bar ni na huta ba. Ban ce ku yarda da gwaji ba, ban ce ku ƙi ba. Ku dai tambayi juna tun kuna lafiya, dangi su ji da kunnensu. Na san yadda mijina yake son tuwonsa, na san waƙar coci da yake rerawa in yana wanke babur, amma ban san ko zai ce a gwada ba.