Ba a Taɓa Yakuwar Anti Laraba

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Anti Laraba a McLeansville, can Amirka, tsakanin Yuli da Agusta ya san zafin duka a bayan hannu. Wata guntuwar sanda take riƙewa, irin wadda ake kafa wa tumatir, tana zagaya lambunta na bayan gida, kuma ba ruwanta da girman mutum. Kuɓewa ta yi, gauta ta nuna, yakuwa ta kai ƙugu, amma ba mai kai ko ganye ɗaya baki sai an fitar da nunan fari an yi wa Allah godiya. Ni 'yar ƙaninta ce, a gidanta na zauna, kuma tumatirin kanti muka riƙa ci muna kallon namu ta taga yana ja. Abin da ya riga lokaci nuna, yankawa take yi ta shanya a gareji ko ta tura firiza ta sa kwaɗo.

Har Fasto bai tsira ba. Ya zo gaisuwa wata Asabar, ya ga gauta ta yi kyau, ya tsinki ɗaya. Bai kai ga goge ta a riga ba sanda ta sauka.

"Haba Mama, na yi addu'a a zuciyata fa."

"A zuci? Ni da na yi noman, a zuci na yi shi? Ajiye."

Ya ajiye, ya sha ruwa, ya tafi.

Yawancinku kun san yadda aka yi ta daina kai kayanta cocinmu. Muna hayar wani zaure ne a cikin gari, kusa da tashar bas, mai zauren kuma ya yi ƙorafi cewa kayan gona suna ɓata masa kafet. Gaskiya yana da hujja, don Anti ta taɓa shigowa da zakara mai rai. Kwamiti ya yanke cewa daga yanzu godiyar kaka kuɗi za a riƙa kawowa a ambulan, kuma a watan Nuwamba, don ta dace da hutun Amirkawa. Anti ta tashi a tsakiyar taro.

"Sakatare, ambulan a wace gona yake tsirowa? Kuma Nuwamba da sanyi ya gama ƙone komai, me zan gode wa, kara?"

Ba ta bar cocin ba. Kowace Lahadi tana layin gaba, tana rera waƙa da ƙarfi fiye da mawaƙan. Kwandonta kawai ta janye, ta shiga neman inda za ta kai shi.

A wajen aiki ta samu. Tana aiki a gidan kula da tsofaffi tare da wata nas 'yar ƙasar Filifin mai suna Luz, wadda ta fito daga garin Davao. Wata rana a ɗakin hutu Anti ta leƙa kwanon Luz, ta ga wani ganye yana yawo a miyar kaza. Ba ta nemi izini ba, ta karɓi cokalin ta ɗanɗana.

"Wa ya ba ku zogale?"

Luz ta ce ai nasu ne tun kakanni, malunggay suke ce masa, kowane gida da bishiyarsa. Anti ta ce ƙarya ne, wani ɗan Zariya ne ya kai musu. Wannan musu ba su taɓa gama shi ba, shi ne kuma abotarsu. A cikinsa ne Luz ta ba ta labarin bikin da suke yi duk Agusta: godiyar girbi, da tunawa da ƙabilun asali na yankinsu, mutanen duwatsu da na bakin ruwa, waɗanda tun dā suke shimfiɗa tabarma su tara shinkafa da 'ya'yan itace su gode kafin kowa ya ci. Anti ta dawo gida ta ce mini, "Rahila, na sami mutane masu hankali. Nesa suke, amma an yi musu tarbiyya."

'Yan Filifin mazauna nan ma suna yin bikin, kuma ni na kai ta a mota karon farko. A gonar dawakin wani ɗan'uwansu ake yi, can Summerfield. Sun jera tebura, sun shimfiɗa ganyen ayaba, sun zuba shinkafa a tsakiya kamar kunyar gona, gefe da gefe gasasshen kifi, da mangwaro, da ƙwai mai gishiri, da wata shinkafa mai danƙo da aka naɗe a ganye. Ba faranti, ba cokali. Da Anti ta ga likitoci da injiniyoyi sun naɗe hannun riga suna cusa loma da yatsu, sai da ta yi ƙwalla. Ta ce tun da ta zo ƙasar nan take ɓoyewa a ofis kamar ɓarauniya in za ta ci abinci da hannu.

Ta ajiye kwandonta cikin abarba da ayaba da furanninsu, ta gyara masa zama a gaba, ta ture wata kankana baya. Da 'yan mata suka fito da jajayen kaya da duwatsun ado suna rawa, ana buga wasu ƙananan tasoshin tagulla, ita ma ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta shiga. Rawar zumuntar mata ta yi musu daga farko har ƙarshe. Kiɗan daban, ƙafarta daban, ba wanda ya iya gaya mata.

Sai maganar durian, wani ɗan itace mai ƙaya da suke ji da shi. In aka fasa shi, warinsa kan kori baƙo, kuma sun saba su ba mutum su tsaya suna kallon fuskarsa. Anti ta cinye nata, ta tanɗe yatsu, ta ce, "Wannan ne warin? Ku jira ni baɗi." Da shekara ta zagayo ta je da daddawa wadda ta kwana biyu a rufe. Su kuma suka buɗe kwalbar ruɓaɓɓen jatan lande da suke sa wa miya. Aka jera su uku a tebur ɗaya ana shinshinawa ana gardama. Wani Bature maƙwabci ya tsallako shinge da gudu yana tambaya ko gas ne ke yoyo. Anti ta ba shi kujera ta ce shi ne alƙali. Da ya zo kan daddawa ya miƙe ya koma gida, ita kuma har ta mutu tana cewa ita ta ci gasar.

A bara ne ciwon zuciya ya kwantar da ita, farkon Agusta, lambu ya cika. Daga asibiti aka mai da ita wani gidan jinya. Ta ƙi cin abincinsu, ta ce ba abin da bakinta ke so sai miyar yakuwar gonarta, kuma yakuwar ba ta ciyuwa sai an yi biki, bikin kuwa da saura. Kullum tana ramewa. Likita ya kira ni da ɗanta Bulus ya ce in ba ta fara ci ba cikin makon nan, za su saka mata bututun abinci ta hanci.

"Bututu?" in ji Anti. "Ni mota ce?"

Bulus ya ce, "Mummy, please, just eat. God will understand."

"Zai gane. Ni ce ban gane ba."

Bulus ya yi dabara. Ya tsinko yakuwarta ya ba matarsa ta dafa, ya kawo ya ce a kantin 'yan Afirka ya saya. Anti ta buɗe kwanon, ta shinshina, ta rufe.

"Wannan ta bakin katanga ce, inda ruwan rufi ke zuba. Wa ya shiga mini gona?"

Ranar na ji tsoro ƙwarai. Na fita na kira Luz. Ta zo da kayan aikinta a jiki, ta zauna bakin gado ta ce, "Laraba, kakata ba ta san kalanda ba. Ranar da gonar mutum ta nuna, ranar ake buga tasa. Wannan ranar da aka tsayar wa biki, gwamnati ce ta sa saboda baƙi."

Anti ta ce, "Ba don ki sa ni ci kike faɗa ba?"

"Don in sa ki ci ne. Amma gaskiya ne."

"To a yi shi cikakke. Da kiɗa, da ganyen ayaba. Kada a kawo mini rabin godiya."

Washegari da la'asar suka zo, mata kaɗan da wani tsoho mai buga tasoshi, aka shimfiɗa tabarma a kan ciyawar bayan gidan jinyar. Na turo Anti a keken marasa lafiya. Ta sa aka juye kwandon aka sake jerawa, don wai na ɓoye gauta a ƙasa. Suka yi rawarsu, tsofaffin Turawa suna leƙowa ta taga. Sannan ta ɗaga kwandon iya ƙarfinta, bai wuce gwiwarta ba, ta yi addu'a da Hausa, suka amsa da amin ba tare da sun ji kalma ɗaya ba.

Luz ta riga ta kafa tukunya a ƙaramin murhu a bayan motarta. Ta ɗebi yakuwa da kuɓewa daga kwandon ta zuba a miyarsu ta tsamiya da kifi, ta kwarara a kan shinkafa. Muka zuba ido. Anti ta kai loma, ta tauna, ta haɗiye.

"Tsamiya ta yi yawa," ta ce. "Ƙaro."

Ba a saka bututun ba. Ta koma gida, ta ci kayan gonarta son ranta, ta raba wa duk wanda ta taɓa duka, Fasto ma aka kai masa gauta cike da leda. A watan Satumba ta rasu a kan gadonta, bayan ta ci abincin rana.

Ya Ubangiji, baiwarka Laraba ba ta taɓa cin abin da ka ba ta ba sai da ta fara kawo maka. Ka karɓe ta da hannu biyu, ka ba ta hutawa. Amin.