Kaskon Ruwa a Cikin Piyanon Malam Ɗahiru

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, 22 ga watan Afrilu na 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Ɗahiru Amadou a gidansa da ke Gamkalley, bayan jinyar wata biyu. Ina Tahoua wurin aiki labarin ya iske ni, ban samu isowa Yamai ba sai ranar sadakar uku. Da na san abin da zan tarar, da ko a bayan motar albasa ne na taho tun a ranar.

Malam, ni ce Nafissa, ɗalibarka wadda ka ce yatsunta sun fi kunnenta sauri. Na so in rubuta maka ta'aziyya mai natsuwa irin wadda ta dace da kai, amma raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Shekara talatin da ɗoriya ka yi kana koyar da kiɗa a lekol, makarantar boko. Da ka yi ritaya, ka buɗe ɗakinka ga duk yaron da ke so: 'ya'yan masu lambu na bakin kogi, 'ya'yan teloli, da irinmu 'ya'yan ma'aikata. Sharaɗinka ɗaya ne, a wanke hannu a kuma goge shi ya bushe. A kan tsohon piyanon nan da wani abokin aikinka ya bar maka sa'ad da zai koma ƙasarsu muka koya dukanmu. Na taɓa zuwa da yunwa, na yi ta kuskure, ba ka yi faɗa ba. Ka rufe murfin, ka leƙa tsakar gida ka ce wa matarka, Inna Tabawa, ta dama mini fura tukuna.

Kowa ya san Yamai ba garin piyano ba ne. Bazara ta busar da katako har ya tsage, damina ta jiƙa shi har ya kumbura, balle a Gamkalley inda ƙasan ɗaki ke gumi idan ruwa ya zauna. Amma ka raya naka duk shekarun nan da dabarun da ka gano da kanka. Ka jingina shi da bangon ciki, nesa da taga, nesa da bangon yamma da rana ke gasawa. Ka ɗora ƙafafunsa a kan guntayen katako. Da rani kana buɗe ƙasan cikinsa ka ajiye ƙaramin kasko da ruwa, don iskar ciki ta riƙe laima. Da an yi ruwan fari sai ka fitar da kaskon, ka maye gurbinsa da gawayi a ƙulle cikin tsumma, ya riƙa shanye danshi. Idan damina ta wuce ka shanya ƙullin, ka rataye su a bayan piyanon har baɗi.

Da ɗanka ya aiko da na'urar sanyaya ɗaki, ka sa aka kafa ta a ɗakin Inna. Muka yi ta tsiya, wai Malam ya fi son zufa. Ka ce, "Wuta ta zo piyanon ya ji sanyi, ta ɗauke ya ji zafi, sau nawa a yini? Ba zafi ke kashe shi ba, sauyi ne."

To ga abin da ya faru bayanka. Da mutane suka cika gida, ƙanenka Baba Haruna ya sa a fitar da piyanon don mata masu gaisuwa su samu wurin zama. Ana ɗagawa aka ji ruwa na motsi a ciki. Aka buɗe, aka ga kasko, aka duba bayansa aka ga baƙaƙen ƙulli guda huɗu ɗaure da zare. Nan take aka yanke hukunci cewa sammu ne aka yi maka, shi ya kwantar da kai. Aka fasa kaskon, aka ƙone ƙullin a bayan gida. Ba wanda ya tako ɗakin Inna ya tambaye ta, wai kada a ƙara mata baƙin ciki.

Kwana uku piyanon ya yi a tsakar gida, a cikin zafin ranar Afrilu. Da na shigo, maƙwabtanka Zabarmawa na ta ce mini "fonda tilas", gaisuwarsu ta ta'aziyya, ina amsawa amma idona na kan piyanon. An jera butoci da tiren shayi a samansa, wani ya jingina tabarma a jikinsa. Na taɓa katakon, ya ƙone mini hannu.

Na sami Baba Haruna, na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani. Ya ce, "'Yata, mun rasa mutum, ke kina maganar akwatin kiɗa?"

Gaskiya ya faɗa, mun rasa mutum. Amma mutumin da muka rasa, rabin ransa a akwatin nan ya zuba shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, hikimar da ka yi shekaru kana tattali, danginka na jini ba su taɓa tambayar ma'anarta ba, sai da ka rufe ido suka sa mata sunan asiri. Mu ɗalibanka ma da laifinmu. Mun san sirrin kaskon, muka watse cikin garuruwa, ba mu bar ko takarda manne a jikinsa ba.

Na shiga wurin Inna Tabawa inda take takaba, na gaya mata. Sannan ta sa a kira Baba Haruna, ta yi masa magana daga bayan labule. Ta ce, "Haruna, in ruwan nan sammu ne, to ni na yi. Tun da ƙafarsa ta fara ciwo ni nake zuba shi kowace safiya. A mayar da kayan nan inda yake, matan su dawo ɗakina."

Aka mayar da shi bangonsa kafin la'asar. Amma aikin gama ya gama. Allon cikinsa ya tsage tsawon kamu ɗaya, maɓallai biyu na tsakiya sun yi shiru, kuma ɗayansu shi ne wanda kake fara ɗora yatsan kowane yaro a kai. Na danna shi sau uku, ba amo. A nan ne na yi kukan da ban yi ba a hanya.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe maka kurakuranka, ya sanyaya makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Tabawa da 'ya'yanku, da ɗalibai na kusa da na nesa, da Baba Haruna wanda ban gama hucewa da shi ba, amma na san shi ma ɗan'uwa ya rasa. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Na sayo sabon kasko a Kalley, Inna ta cika shi da hannunta. Gawayin ma na ƙulla, guda huɗu, suna rataye suna jiran ruwan fari. Wannan karon na rubuta a jikin kowane ƙulli abin da yake.