Malamar da Ta Ce Kunnen Sakina Ba Zai Buɗe Ba

Da hantsin ranar Laraba, 13 ga watan Agusta 2025, Allah ya karɓi ran Malama Ummulkhairi Illa a gidanta da ke unguwar Birni, nan Damagaram, bayan doguwar jinya. Ina bakin kasuwar Dole ina zuga wani tsohon moto, wato babur, a gaban mai saye, wayata ta yi ƙara. Mijinta ne, Malam Suma'ila. Ya ce, “Tijjani, Malama ta cika.” Na ce dukkanmu na Allah ne, wurinsa kuma za a mayar da mu. Na bar mai saye da makulli a hannu, har yau ban tambayi yadda cinikin ya ƙare ba. An yi mata sutura bayan azahar.

Malama, ni ba marubuci ba ne. Dillalin moto ne ni, da baki nake ci. Amma waɗanda suka fi kowa yin rashinki ba sa jin baki, shi ya sa na zauna rubutu don su ma su karanta. Kuma kin rataya min wani aiki a wuya tun kina kwance: ni zan gaya wa 'yata Sakina, ɗalibarki, cewa kin rasu, da hannuna, kafin ta gane daga fuskokin mutane. Ranar da aka binne ki tana Droum wurin kakarta tana hutun damina, ba ta san komai ba.

Sakina tana da shekara biyar sanƙarau ya kama ta. Ta tashi da ranta, muka yi ta godiya. Sai da muka koma gida uwarta Jummai ta lura cewa in an kira ta daga baya ba ta waiwayowa. Kwano ya faɗi a kusa da ita, ko gezau. Likita ya duba ya ce cutar ta taɓa jijiyar kunne, ya ƙara da cewa a bar wa Allah. Ni kuwa maganar ƙarshe kawai na ɗauka na fito da ita.

Duk wanda ya zo dubiya sai ya bar mana labari mai daɗi. Wannan ya san yaron da kunnensa ya buɗe ranar da aka yi tsawa. Wancan ya san mai magani a Gidimuni da ke ɗiga wani mai a kunne. Wani abokin cinikina Bakano ya rantse min akwai na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne, yaro ya ji har tafiyar tururuwa. Ni da sana'ata ita ce sa wa mutane rai, sai ga shi na fi kowa sauƙin kamuwa. Na kai ta Gidimuni, na kai ta Kano, gonar da na gada ta tafi a hanya. Na'urar ta zo, aka maƙala, yarinya ta cire ta miƙa wa ƙaninta ya yi wasa da ita. Ana cikin wannan yawo 'yan kalmomin da take da su suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. “Baba” ce ta ƙarshe da ta rage, daga baya ita ma ta tafi. In tana son abu muka kasa ganewa, sai ta je ta riƙa buga kanta da bango.

Jummai ce ta jiyo labarinki, wai akwai wata malama a lakwal, makarantar kurame. Na bi ta ne kawai don in ji ko kin san wani magani da ban gwada ba. Kika duba takardun likita, kika zauna a ƙasa kina wasa da yarinyar, sannan kika ɗago kika gyara tabaranki. Kika ce, “Malam Tijjani, Allah mai iko ne a kan komai, ban musa ba. Amma a iya abin da na gani cikin aikin nan, kunnen Sakina ba zai buɗe ba. Ka daina jiran kunne. Ga yarinyar nan gabanka, kai take jira.”

Na fita ko sallama ban yi miki ba. A hanya na ce wa Jummai matar nan bakinta ba alheri. Washegari dai Jummai ta riƙe hannun Sakina ta kai miki ita.

Sai daga baya na ji abin da ya sa kike haka. Kina da ƙane, Adam, kurma tun yana jariri. Iyayenku sun ƙare ƙarfinsu wajen neman abin da zai buɗe masa kunne, ba wanda ya tsaya koya masa yadda zai faɗi abin da ke ransa, don kowa na ganin gobe ko jibi zai ji. Ya zama saurayi a haka. Da ciwon ajali ya zo masa yana ta nuna cikinsa yana kuka, ba wanda ya iya tambayarsa tun yaushe, ko ta wane gefe. Kin ce min abin da ya fi ci miki rai shi ne kun rayu gida ɗaya da shi, amma ba ki san abincin da ya fi so ba.

Ba ki taɓa yi mana alkawarin da ya wuce ƙarfinki ba. Kin ce kafin shekara ta zagayo Sakina za ta iya cewa tana jin yunwa, ta nuna inda ke mata ciwo, ta faɗi wanda ya doke ta. Karatu zai zo, amma da nawa. Magana da baki kuwa kada mu sa a ka. Na raina wannan alkawari, don ni da na saba cewa moto ya fi sabo lafiya, ban ga abin zumuɗi a ciki ba. Amma duk abin da kika lissafa ya zo. Wani maraice muna cin tuwo, Sakina ta ture kwano ta ɗaga hannu ta yi wa uwarta wata alama. Jummai ta fashe da dariya har da hawaye. Abu na farko da 'yata ta gaya mana da ta samu harshe shi ne ba ta son miyar kuka, kuma shekara da shekaru muna ɗura mata ita.

Ranar Asabar kikan tara iyaye a zauren gidanki ki koya mana maganar hannu, yaran kuma ki koya musu karatun Hausa a gefe, tunda a lakwal Faransanci ake yi. Ba ki taɓa karɓar ko sisi a kan wannan ba, ke ce ma kike dama fura. Da na fara zuwa kika kalli yatsuna kika ce, “Jummai za ta ƙware. Kai hannunka ya yi tauri, kuma ba ka da haƙuri. Doguwar hira ba za ka iya ba, amma za ka samu abin da zai ishe ka ka zama uba.” Na ji haushi, na ƙudura sai na ba ki kunya. Shekara bakwai ke nan, kuma hannuna yana nan inda kika ce zai tsaya. In na yi wa Sakina magana takan dafe goshi, wani lokaci ta kira uwarta ta fassara.

Da tsohon ɗalibinki Ɗanƙarami zai buɗe shagon ɗinki, ni na samo masa rumfa, na kuma cika masa kai cewa kafin Salla sai ya rasa wurin ajiye yadi. Kika kira shi a gabana kika warware duk abin da na saƙa. Kika ce masa na farko da za su zo tausayi ne zai kawo su, za su ba shi riga ɗaya ba za su dawo ba. Wasu za su cuce shi don suna ganin ba shi da bakin kai ƙara. Waɗanda suka dawo a shekara ta biyu su ne nasa. Da rumfar ta yi shiru wata da watanni bai rufe ba, don an riga an gaya masa shirun zai zo. Yau yana da keken ɗinki uku. Haka kuma in mai jin kunne ya zo neman auren ɗalibarki, sai ki zaunar da shi yini guda cikin kurame ba mai yi masa fassara, ki ce masa haka matar za ta riƙa ji a gidansu kullum. Wani ya tashi kafin la'asar bai dawo ba, yarinyar ta yi kuka, kika zauna da ita har ta gama.

Akwai masu cewa ba ki iya lallashi ba. Ba su gan ki kina bin gida gida a Zango da Garin Malam kina fito da yaran da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki ba. Ba su ga yadda kike riƙe hannun uwa bayan kin gaya mata abin da ba ta son ji ba, ba kya tashi sai ta natsu. Waɗanda suka yi wa Jummai daɗin baki, ba wanda ya dawo washegari. Ke kin dawo.

Bara ciwon daji ya kama ki. Aka kai ki Yamai, aka dawo da ke. Muka zo dubiya muna cewa yaya jiki, muna jiran amsar da kowa ke bayarwa. Kika ce, “Alhamdu lillahi. Amma likita ya gaya min, wannan ba na tashi ba ne.” Wata dattijuwa ta ce ki daina faɗin haka. Kafin a rufe lakwal kika sa aka kai ki aji, kika zauna a kujera kika gaya wa yaran cewa in an dawo hutu ba za su same ki ba. Sakina ta dawo gida tana huci, ta ce yau Madam ta yi ƙarya. 'Yan uwa kuma duk wanda ta tambaya sai ya shafa ƙirji ya nuna mata da sauƙi. Da wannan ta tafi Droum, tana cewa za ta kawo miki sabuwar gyaɗa.

A zuwana na ƙarshe kin rame har zoben hannunki yana zamewa. Kika sa aka matso da ni. Kika ce, “Kurma shi ne na ƙarshe da ke sanin an yi mutuwa. Yana ganin ana shimfiɗa tabarmi, mata suna kuka, kowa ya haɗa ido da shi sai ya kau da kai. Kada a yi wa Sakina haka. Kuma kada ka aiki Jummai, kai za ka je.” Na ce da wannan hannun nawa? Kika ce ya kamata ta san ubanta ma yana iya gaya mata abu mai nauyi. Sannan kika kama yatsuna kika koya min yadda ake cewa “ta rasu”. Na yi, kika girgiza kai, kika gyara. Na sake, kika sake gyarawa, har ya fita daidai. Ban taɓa jin nauyin darasi kamar wannan ba, na fito zaure na zauna na kasa tada moto.

Washegarin jana'iza na kama hanyar Droum. Hanya duk taɓo, kaina kuma cike da dabaru. In ce an mayar da ke Yamai. In ce jiki ya yi tsanani, in bar sauran sai mun iso gari. Irin waɗannan maganganu ba sa min wuya, da su na ci abinci duk rayuwata. Na same ta a bakin gona tana tsinkar rama da kakarta. Ta hango ni ta taho da gudu, sai ta rage sauri tana kallon fuskata. Na yi maza don kada fuskar ta riga hannun. Na yi alamar sunanki, yatsa biyu a gefen ido, wanda yara suka raɗa miki saboda tabarau. Sannan na yi abin da kika koya min. Ta gane.

Ta tambaye ni yaushe, na ce jiya. Ta ce na gani da idona, na ce ina cikin waɗanda suka ɗauke ki. Ta ce kin sha wuya, na ce kin sha. Sai ta durƙusa cikin ramar ta saki kuka da murya, muryar da na daɗe ban ji ba. Na zauna kusa da ita kamar yadda na ga kina yi, ban tashi ba. Da ta lafa ta share ido ta tambaye ni, “Yanzu wa zai riƙa gaya min gaskiya?”

Bakina ya cika da alkawari, Malama, irin manya-manyan nan. Na haɗiye su. Na ce mata ni ne, amma a hankali, kuma zan riƙa yin kuskure, sai ta riƙa gyara min. Ta gyaɗa kai, ta je ta ɗauko mayafinta ta hau bayan moto.

Ranar addu'ar uku ɗalibanki sun cika gefe guda na ƙofar gida, manya da yara, wasu daga ƙauyuka. Ba su ji abin da liman ya karanta ba. Tafin hannunsa suke kallo don su san lokacin da za a shafa.

Ya Allah, ka gafarta wa baiwarka Ummulkhairi, ka yalwata mata kabarinta, ka sanyaya mata makwanci. Ka sa wuyar da ta sha ta zama kaffara, ka haɗa ta da ƙanenta Adam a gidan rahama inda za su samu yin hirar da ba su yi ba. Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Suma'ila, da 'ya'yanta Faruk da Sa'adatu, da abokan aikinta, Allah ya ba ku haƙurin rashinta. Ku kuma ɗalibanta da kuke karanta wannan, ba zan ce muku za a samu wata kamarta ba, don ban sani ba. Allah ya jiƙan Madam, ya ba mu iyayenku ikon riƙe ku da ɗan abin da ta bar mana a hannu. Amin.