Sallau Mai Tanka da Kifin Tafki

Wata rana, a tsakiyar bazara, na je wani ƙauye na bakin kogi sayen bandar kifi. Abin da na tarar har yau yana ci mini rai.

Garin suna da wata al'ada. Idan kogi ya ja baya, yakan bar musu ɗan tafki cike da kifi. Ba mai jefa ko ƙugiya a ciki sai ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe su, wato kamun kifi, gari ya fito a kama tare, a bar ƙanana su zama irin baɗi.

To, a shekarar rana ta yi rana. Tafkin ya tsuke, kifaye suna ta ɗago baki sama. Sarkin Ruwa, dattijo ne da ya yi wata da watanni yana gadin wurin, har ɗan ƙaninsa ya kora da ya zo da komar kamun kifi. Yanzu ga amanar gari tana neman mutuwa a gabansa.

Sai ga Sallau, direban tankar ruwa mai kai wa wani kamfanin gini ruwan famfo daga birni. Mutum ne mai saurin tausayi, wallahi. Ya ce zai cika musu tafkin da ruwa mai tsabta, kyauta, don Allah.

Sarkin Ruwa ya sa masa albarka. Sallau ya yi ta sawu yana juyewa, mata suna guɗa.

Kafin la'asar, kifi ya fara juyowa ciki sama.

Tarwaɗa, karfasa, har 'yan mitsi-mitsin da ake tanadi. Kai, abin ba kyan gani.

Samari suka taso wai guba ya zuba musu. Bawan Allah duk ya rikice, yana ta rantsuwa. Ya tari ruwan a kofi daga bakin tankar, ya shanye a gaban kowa.

“Ga shi na sha! Ruwan da duk birni ke sha ne fa.”

Malama Ladidi, mai koyar da kimiyya a makarantar garin, ta ce masa a hankali:

“Gaskiyarka, Malam Sallau. Amma kai sha ka yi. Su da shi suke numfashi.”

Ta yi mana bayani. Akwai sinadarin kuloramin da ake sa wa ruwan famfo a wasu wurare don ya kashe ƙwayoyin cuta. Ɗan abin da ake sawa ba ya cutar da mai sha, amma kifi ta wurin numfashinsa yake shiga masa jini kai tsaye. Kuma ba ya saurin gushewa, ko an bar ruwan ya kwana.



Sarkin Ruwa ya tsawata wa samarin, ya ce shi ya ba da izini, mai neman mai laifi ya zo gare shi. Sannan ya kama hannun Sallau, ya yi masa godiyar wahalar da ya sha.

Godiyar nan ce ta karya shi. Ƙaton mutum ya zauna a gindin tayar motarsa yana share hawaye, ni ma sai da idona ya kawo ruwa.

Ba a yi su ba a shekarar. Ba kuma irin da ya rage wa baɗi.

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta wadatar ba, sai an haɗa da tambaya. Abin da yake lafiya a gare ka yana iya zama ajalin wani. Kafin ka juye ruwan tanki, na wurin ninkaya ko na famfo cikin rafi ko tafki, tambayi masana yadda ake kashe maganin da ke ciki.

Don Allah a tura wa direbobin tanka da masu kiwon kifi. Wataƙila wani Sallau ɗin yana kan hanya yanzu, da tanka cike da niyyar alheri.