Dami Dubu da Ɗaya

Shekarar da Baffa Isa ya yi fushi ya koma Kajiji, ina aji huɗu na firamare a Dandin Mahe. Saɓani suka samu da Babanmu a kan iyakar gona, har gaisuwa ta yanke. Kakarmu Inna Ige 'ya'yanta bakwai maza, Baffa Isa ne auta. Ba ta taɓa yi wa Baba maganar ba, sai dai muna ganin tuwonta yana dawowa kusan yadda aka kai shi.

Lokacin sanyi ne. Bayan magariba mukan kewaye ta a bakin wutar kara, ta yi mana tatsuniya. Ran nan Baba yana bayan zana yana ɗinkin buhunan albasa, sai na ji ta ɗaga murya fiye da kullum.

Ta ce wasu 'yan'uwa bakwai ne suka yi noman gandu, Allah ya ba su gero dami dubu da ɗaya. Kafin rabo suka kori ƙaraminsu. Su shida suka raba, biyar suka rage. Suka tara suka sāke, biyar dai. Suka ce a yi kashi biyu, ko uku, ko huɗu, ko biyar, kowane sai ya bar saura. Ga hadari ya fara haɗuwa, gero yana waje.

Sai muka ji muryar Baba ta bayan zana, yana ɗan dariya: "Inna, su ba uwarsu biyar ɗin mana, a huta."

Ba ta ko waiwaya ba. "Uwassu ba ta cin hatcin da anka hana ma ɗanta."

Ta ci gaba da cewa da suka kira na bakwai, kowa ya tashi da ɗari da arba'in da uku, ko zangarniya ba ta rage ba. Ba mu sāke jin motsin buhu ba. Ranar Juma'a Baba ya hau kekensa, da la'asar suka shigo gida su biyu, Baffa Isa na tura keken.

Sai da na shiga sakandare a Bodinga na koyi cewa dubu da ɗaya bakwai ne sau sha ɗaya sau sha uku, ba abin da ke raba shi daga biyu har shida. Da dubu cif ta ce, da ya rabu biyu an wuce wurin. Na tambayi mahaifiyata inda Inna ta samo lambar, ita da ba ta taɓa riƙe alli ba. Ta ce kwana da kwanaki ta yi a ɗaki tana kasa 'ya'yan tsamiya kashi-kashi a kan tabarma, tana tarawa tana sākewa, har aka fara tsoron ko rikicin tsufa ne.

Yau 'ya'yan Baffa Isa su ne 'yan'uwan da nake fara kira in abu ya same ni. Allah ya jiƙan Inna. Ta zaɓi ta sha wahalar ƙirga dubu da ta kunyata ɗanta a gaban 'ya'yansa.