Tambayar da Na Kasa Amsa wa Likita

Ko tsufa ya ruɗa ni, ba zan manta da ranar da aka yi mani tambaya a kan ɗana na yi gum ba.

A Rawayau na yi aure, gidan da ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, ana yaye shi ya koma ɗakin surukata. Amma ina lura. Bakinsa kullum a sake, minsharin barcinsa na rana har tsakar gida, loma ɗaya sai ya yi ta juyawa kafin ta wuce. Surukata ta ce belu ne. Wanzami ya leƙa ya ce wanda ya cire tun yana jariri bai dawo ba, ya ba da jiƙo. Shekara biyu muna jiƙo da hayaƙi. Na gaji, irin gajiyar da ba ka da wanda za ka faɗa wa.

Sai da malamin allo ya fara zane shi, wai ana kira yana kunnen ƙashi, sannan muka kai shi asibiti a Dutsin-Ma. Likita ya haska maƙogwaronsa ya ce ya kumbura ta gefe biyu, ga kuma wani nama a bayan hanci. Ya dube ni.

"Ke ce uwar? Tun yaushe yake haka?"

Na san amsar har watan da abin ya fara. Amma ga surukata kusa da ni, sai na sunkuyar da kai.

"Yo likita, mi ta sani? Ni ke riƙon shi," in ji ta. "Bai fi wata guda ba."

Ya rubuta, ya ba mu ƙwayoyi, muka dawo. Wata bakwai na ƙara ina kallon yaron nan yana karkato kai in ana magana. Rannan na saɓa shi ba sallama, na koma wurin likita na faɗi gaskiya. Aka tura mu Katsina, aka yi aiki, numfashinsa ya daidaita. Kunnen hagu kam, suka ce ruwa ya daɗe a ciki, ba zai koma daidai ba.

A gida an yaba mani da kawaici, shi kuma ya girma da kunne ɗaya. Abin da na koya ke nan: kunya ado ce, amma ba a gaban ciwon yaro ba, don shi zai biya, ba ke ba.